Gonar da aka ba da aro: sulhu a fada ko ƙara a jastis?

Wani malamin makaranta a nan Damagaram ya aiko da tambaya. Mahaifinsa ya ba wani ɗan baffansa aron gona a ƙauyensu da ke ƙasar Mirya fiye da shekara 30 da suka wuce, kuma kowace kaka mai aron yakan kawo damin gero ɗaya gida. Yanzu tsofaffin biyu sun rasu, shekara 4 ke nan damin bai zo ba, ƴaƴan mai aron kuma suna cewa gonar gadonsu ce, har an ji suna neman mai saye. Mai tambayar shi kaɗai ne namiji a gidansu, yana da mahaifiya a raye da ƙanne mata uku. Dattawan dangi suna cewa ya yi haƙuri a raba gonar biyu a huta, abokan aikinsa kuma suna cewa ya wuce jastis, wato kotu, kai tsaye. Yana so ya san wanne ya fi masa.

Malam, Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa sun huta. Na daɗe ina zirga-zirga tsakanin fada da jastis a kan irin wannan rigima, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne doka ta riga ta ɗauke maka rabin zaɓin da kake zaton yana hannunka. Dokar karkara ta Nijar ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda ake kira Kod Rural, ta ce rigimar da ta shafi gona ko makiyaya ba ta zuwa gaban alƙali sai an fara gwada sulhu a wajen sarakunan gargajiya, kuma dole a rubuta sakamakon zaman a takarda, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Idan ka bi shawarar abokan aikinka ka tafi kotun Mirya gobe da safe, abin da za a tambaye ka shi ne takardar da ke nuna kun zauna gaban mai gari ko sarki an kasa shiryawa, in ba ka da ita kuma a mayar da kai ƙauye. Saboda haka maganar da ke gabanka ita ce yadda za ka shiga wannan sulhu, abin da za ka yarda da shi a ciki, da lokacin da ya kamata ka tashi ka ce a ba ka takarda ka wuce gaba.

Mutane da yawa ba su san iyakar ikon sarki a irin wannan zama ba, rashin sanin kuma yana cutar da su. Dokar da ta tsara sarautar gargajiya, wadda aka sabunta a 2015, ta ba mai unguwa, mai gari, sarki har zuwa Sarkin Damagaram ikon sasanta mutane a kan al'amuran gargajiya, amma ba ta ba su ikon yanke hukunci ba. Sarki yana sauraro, yana kiran shaidu, yana faɗin abin da ya gani, yana jawo hankalin ɓangarorin biyu, amma abin da ya faɗa ba ya ɗaure ka sai ka amince ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Idan ba ka gamsu ba, kana da damar ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, na ji kuma na gode, amma ina roƙon takardar rashin daidaitawa." Wannan ba raini ba ne ga sarauta, hanya ce da doka da kanta ta shimfiɗa. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: takardar sulhun da ka sa wa hannu da yardarka tana da wuyar warwarewa daga baya, kuma ɗayanku yana iya kai ta kotu a buga mata hatimin zartarwa, daga nan ta zama tana da ƙarfi irin na hukunci. Kada nauyin idon dattawa ya sa ka dangwala yatsa a kan abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, kana tunanin za ka gyara a jastis.

To mu ɗauka an kasa shiryawa, ka isa gaban alƙali. Me zai duba? A nan ne nake so ka cire wani zato daga ranka, zaton cewa a kotu akwai wani littafin Faransanci da za a buɗe a ga sunan mai gona. Gonar da ba ta da takardar mallaka ta gwamnati, wato titir fonsiye, da al'adar masu rigimar ake yi mata shari'a, haka dokar tsarin kotuna ta tanada, shi ya sa alƙali yake zama tare da mashawarta masana al'ada da addini. Kod Rural ma ta ce haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya, kuma ta yarda da mallakar da aka gada idan jama'ar wurin sun shaida ta. Ke nan hujjar da za ka kai fada ita ce dai za ka kai jastis: maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa, tsofaffin da suka san ranar da aka ba da aron, da waɗanda suka ga damin nan yana shiga gidanku kowace kaka.

Damin nan shi ne ƙashin bayan maganarka, kada ka raina shi. A ƙasarmu mai aro yana kai shi ne don kowace shekara a tuna wa gari cewa ƙasar tana da mai ita, shi ya sa daina kai shi yake zama alamar farko ta cewa niyya ta sauya. Sauran alamun su ne gina rijiya, dasa itatuwan marmari, ko matsar da shingen aguwa ba tare da an nemi izini ba. Shirun da ka yi na shekara 4 bai kashe haƙƙinka ba, amma kowace damina da ta wuce ba ka yi magana ba tana ƙara musu ƙarfi. Malamanmu na Malikiyya sun karantar cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 ana danganta masa shi, mai shi yana gari yana gani bai ce uffan ba, to da'awar mai shi ta faɗi, ko da yake sun ce tsakanin dangi da surukai wannan wa'adi bai isa ba. Ku dangi ne, wannan yana taimakonka, amma abin da ya fi damuna shi ne shaidunka. Mutumin da ya ga an ba da aro shekara 30 da suka wuce yana da hankalinsa a lokacin, yau dattijo ne. Ka je ka gaishe su tun wannan mako, ka ji abin da kowannensu ya tuna da bakinsa, domin sau da yawa wanda kake dogaro da shi sai ka iske ya manta, ko kuma ɗiyarsa tana aure a ɗaya gidan, ba zai iya buɗe baki ba.

Idan shaidu suka yi ƙaranci ko suka yi karo da juna, magana takan koma ga rantsuwa da Alƙur'ani, bisa ƙa'idar da kowa ya sani cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Kai ne mai da'awa, su ne gona take hannunsu. Ƴaƴan da aka haifa suka tarar da ubansu yana noma wannan ƙasa, ba su taɓa jin an ce aro ba ce, suna iya ɗaukar Littafi da zuciya ɗaya, ba tare da sun ji sun yi ƙarya ba, kuma da zarar an rantse magana ta yanke. Abin da ake nufi ke nan da aka ce shari'a mace ce da ciki. Mai gaskiya yakan shiga kotu ya fito hannu wofi, ba don an zalunce shi ba, sai don gaskiyarsa ba ta sami bakin da zai faɗe ta ba.

Ga kuma wahalar hanya, wadda ba ka buƙatar dogon bayani a kanta. Za a ɗaga zama saboda shaida bai zo ba, za a sake ɗagawa saboda ana jiran alƙali ya fita ya ga gonar da idonsa, kuɗin motar shaidu da abincinsu yana wuyanka, kai kuma kana da aji da ke jiranka kowace safiya. Wanda ya faɗi yana da damar ɗaukaka ƙara, daga nan magana tana iya kaiwa kotun ƙoli a Yamai, damina tana zuwa tana wucewa. Ko ka ci shari'a, sai an zartar, kuma ranar da wisiye, wato mai zartar da hukuncin kotu, ya zo da jandarma a fitar da ƴaƴan ɗan baffan mahaifinka daga gonar da suka tashi a ciki, ranar ce zumuncin gidajen biyu zai tsinke, suna da biki da jana'iza duk su zama abin kunya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yana umartar alƙalai su mayar da dangi masu husuma su sasanta, saboda hukunci yana gadar da ƙiyayya a tsakaninsu. Duk wanda ya zauna a ƙauyen da aka yi irin wannan zartarwa ya ga gaskiyar wannan magana.

Duk da haka ba zan ce maka ka karɓi shawarar dattawa yadda suka kawo ta ba, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi nazari sosai. Allah ya ce sulhu alheri ne, a aya ta 128 ta Suratun Nisa'i, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai dai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal. Mun riƙe farkon maganar mun saki ƙarshenta. Abin da na fi gani a zaure shi ne kalmar haƙuri tana sauka a kan wanda ya fi rauni, ko wanda ya fi jin kunya, ko wanda ba ya wurin. A rigimarka waɗanda ba sa wurin su ne mahaifiyarka da ƙannenka.

Ka yi lissafi. Idan mahaifiyarka ita kaɗai ce matar marigayi, kuma bai bar iyayensa a raye ba, tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Abin da ya rage a kasa shi biyar, kai ka ɗauki biyu, kowace ƙanwa ta ɗauki ɗaya. In aka kasa gonar 40, mahaifiya tana da 5, kai kana da 14, ƙannenka suna da 7 kowace. Wato 26 cikin 40 na mata huɗu ne da ba wanda ya tambaye su. Idan ka zauna da dattawa ka ce ka yafe rabin gona don zumunci, ka yi kyauta da abin da mafi yawansa ba naka ba ne, kuma ko ba su yi magana yau ba saboda kara, ƴaƴansu za su yi gobe. Don haka kafin kowane zama da ɗaya gidan, ku yi naku zaman na cikin gida. Ka gaya wa Hajiya da ƙannenka rabon kowa a fili, ka ji abin da kowace take so, wadda take gidan miji a nesa a kira ta a waya gaban shaidu, sannan a rubuta takardar taron dangi da ke nuna wanda magada suka wakilta. Kotunanmu sun saba da wannan takarda, kuma ita ce za ta ba ka bakin magana da sunan kowa, a fada ko a jastis. Mutum yana iya yafe haƙƙinsa bayan ya san girmansa, wannan alheri ne da Allah zai saka masa. Wanda aka yafe da sunansa bai sani ba, an ci haƙƙinsa ne.

Sannan kada ka ɗauka sulhu ba shi da siffa sai raba gona biyu. Wannan ita ce fa'idar da sulhu ya fi hukunci da ita: alƙali zai ce gonar ta wane ce ya tsaya nan, amma a zaure kuna iya ƙulla abin da ya dace da rayuwarku. Kai kana birni kana koyarwa, wataƙila ba noman kake so ba, abin da kake so shi ne kada gonar mahaifinka ta fita daga gidanku. Su kuma wataƙila abin da ke tsoratar da su shi ne a wayi gari ba su da inda za su shuka. Idan haka ne, kuna iya daidaitawa a kan su amsa a rubuce cewa gonar taku ce, ku kuma ku bar musu ita aro na shekaru sanannu, dami ya dawo kamar da. Kuna iya yanka musu wani gefe kyauta saboda takin da suka zuba da gawon da suka raina shekara da shekaru, domin wannan wahala ce ta gaske, bai kamata ka musanta ta ba. Abin da bai kamata ka sassauta a kansa ba shi ne asalin mallaka, saboda daga gare shi ne komai yake fitowa.

Duk abin da kuka ƙulla, a rubuta. Na taɓa halartar wani sulhu da aka yi da kyau, aka yi addu'a, aka raba goro, kowa ya tafi yana murna, amma ba a rubuta ko layi ɗaya ba saboda dattawan sun ce tsakanin ƴan'uwa takarda rashin yarda ce. Ni ma a lokacin na ji nauyi ban matsa ba, kuma har yau abin yana damuna. Bayan shekaru mai garin ya rasu, limamin da ya yi addu'ar ya rasu, jikoki suka tayar da maganar daga tushe, kowane gida da irin labarin da ya gada, aka ƙare a kotun da aka guje wa tun farko, ga shi babu sauran mai shaida. Takardarku ta ƙunshi sunayen magadan gidajen biyu, maƙwabtan iyaka huɗu, abin da kowa ya karɓa da abin da ya bari, a karanta ta da Hausa a gaban kowa kafin a sa hannu, domin da Faransanci ake rubuta ta kuma ba kowa ne zai gane abin da ke ciki ba. Ka karɓi naka kwafi, ka kai kotu a buga hatimin zartarwa. Bayan haka ka je wajen kofo, hukumar filaye da Kod Rural ta kafa a matakin ƙauye da komin da departama, ka nemi takardar shaidar mallakar gargajiya, in kuma aro kuka sabunta a yi muku takardar aro. Da mahaifinka ya sami irin wannan takarda a zamaninsa, da yau ba ka aiko da wannan tambaya ba.

Akwai halin da zan ce maka ka daina jira ka nemi alƙali, kuma ɗaya daga ciki ya riga ya leƙo a tambayarka, wato maganar sayarwa. Da zarar gona ta shiga hannun baƙo mai kuɗi ya yanka ta fuloti, rigimarka ta tashi daga mutum biyu ta koma goma. Tun yanzu ka sanar da mai gari da kofo a rubuce cewa gonar tana cikin rigima, ka riƙe shaidar cewa sun karɓa, domin ta wajensu takardar ciniki take bi. Haka kuma idan ka ga ana kiran zama ɗaya ɓangaren ba ya zuwa, yau ciwo gobe tafiya, ana jan ka har ruwa ya sauka su shuka, to sulhun ya zama dabarar cin lokaci. Idan mai sasantawar yana da hannu a cinikin ko suruki ne ga ɗaya gidan, ka nemi a ɗaga maganar zuwa wajen sarki. Idan kuma aka kai ga barazana ko duka ko zubar da jini, wannan ya fita daga hannun dattawa, laifi ne da ke hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma yafewar da aka yi a zaure ba ta ɗaure masa hannu. A irin waɗannan wurare kotu ita ce mafakar mai rauni, kada kowa ya sa ka ji kunyar zuwa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, a babbar kotun Damagaram.

Tun da ƴan kasuwa ma suna karanta irin wannan amsa, bari in ɗan ratse. Rigimar bashi da ciniki ba ta bin hanyar gona. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwanci, wadda ta fitar da dokar sasanci a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017. A ƙarƙashinta masu rigima suna zaɓen mai shiga tsakani da kansu, abin da aka faɗa a zaman sirri ne da ba a kai shi kotu a matsayin hujja, wa'adin shigar da ƙara yana tsayawa muddin ana sasancin, yarjejeniyar kuma ana iya kai ta ga alƙali ya tabbatar da ita. Ɗan kasuwar Dole ta nan Damagaram da yake bin wani bashi a Kano ya tuna cewa Najeriya ba ta cikin OHADA, kuma hukuncin da ya samu a nan ba ya aiki da kansa a ƙetaren iyaka sai ya sake bin kotun can, shi ya sa sasanci ta hannun shugabannin kasuwa yakan fi masa saurin dawo da kuɗi. Amma wanda yake da rubutacciyar shaidar bashi a kan mutumin da ke nan gari, yana da hali ya ƙi biya, akwai gajeriyar hanyar neman umarnin biya daga alƙali, ba sai ya yi ta aika dattawa ba.

In na dawo kan gonarku, Malam, ra'ayina shi ne ka shiga sulhu da niyyar gaske, ba don ka cika sharaɗi ka karɓi takarda kawai ba, domin shaidunka tsofaffi ne, rantsuwa tana iya faɗawa hannun abokan rigimarka, kuma mutanen nan jininka ne da za ku ci gaba da haɗuwa a maƙabarta ɗaya. Amma ka shiga bayan ka zauna da Hajiya da ƙannenka, bayan ka ji bakin shaidunka, bayan ka sanar da kofo, kuma ka sa wa zaman wa'adi a ranka. Rigimar gona takan yi zafi ne idan an fara sharar gona ana jiran ruwan farko, don haka ka nemi mai gari ya kira zaman tun cikin rani. Idan suka amsa cewa asalin gonar ta mahaifinka ce, ka saki hannu a kan sauran gwargwadon abin da magada suka yarda. Idan lokacin shara ya matso suna nan a kan cewa gadonsu ce, ka roƙi takardar rashin daidaitawa, ka haɗa ta da takardar wakilcin magada da sunayen shaidunka, ka kai kotun Mirya kafin a shuka.